Dawar Mutumin da Waya ta Kashe

Shugaban wannan taro, Malam Solomon, wanda na san ranar da aka yanke masa cibiya, wakilin Hakimi, ranka ya daɗe, masu unguwanni, limamanmu da fastocinmu, waɗanda yau Allah ya zaunar a benci ɗaya, tsofaffin sojoji da suka cika layin gaba da sandunansu, Malama Rebecca da sauran ma'aikatan lafiya da suka tara mu don su wayar mana da kai a kan cutar nan da ake kira ƙyandar biri, iyayenmu mata, samari da 'yan mata, da ku na can baya, waɗanda tun shigowata ban ga fuskarku ba sai tsakiyar kanku, domin kowa ya sunkuya cikin waya: ina gaishe ku gaba ɗaya. Ga Musulmi, assalamu alaikum. Ga 'yan'uwana na coci, salamar Ubangiji. Waɗanda suka ja kujerunsu baya da na miƙe, ku ma na gaishe ku, kuma na gan ku.

Sunana Ishaya, na Rikoto, manomin dawa a gindin dutse. Ban yi boko ba. Hausar ma a kasuwa na tsince ta, ba ita na sha a nono ba, don haka inda ta karkace ku tallafe ta. Ina godiya da aka ba ni damar magana. An raɗa mini a kunne cewa in taƙaita. Na ji. Sai dai mutumin da ya mutu ya dawo, ina ganin ya cancanci a ɗan yi masa haƙuri.

Kafin in kai ga mutuwata, akwai kukan da na daɗe ina yawo da shi, na kai shi taron unguwa, na kai shi coci, na kai shi gidan mai unguwa, har yau babu wanda ya tanka mini. A garin nan, da, in an yi rasuwa, mutum ake aikowa. Ya zo ƙofar gidanka, ya durƙusa, ya cire hula, ya tambayi lafiyarka da ta iyali, ya sha ruwa, sannan ya gaya maka a hankali yadda zuciyar tsoho za ta iya ɗauka. Tun ranar da kuka buɗe wannan abin da kuke kira guruf a Wasaf, aka daina aiko mini da kowa. Dantani abokina, wanda muka yi golmo tare, muka yi wa surukanmu noma shekara da shekaru kafin a ba mu matanmu, ya mutu, aka wanke shi, aka binne shi, aka ci abincin makoki, aka wanke tukwane, ni ina can ina ciyawar akuya. A bakin mai sayar da taba na ji, ranar kasuwa. Na zo na yi faɗa, aka ce, “Baba, ai an sa a guruf.” Na ce, ni ina cikin guruf ne? Wayata ƙarama ce, irin mai tocila a ka. Tana kira, tana haska rumbu, iyakar iliminta ke nan, kuma ya ishe ni.

To, jama'a, ni ban shiga guruf ba, amma guruf ya shigo mini har gida.

Magana ta farko, yadda abin ya faru. Mata suna shiƙar gerona, ina tsaye ina korar kaji, iska ta juyo ta watsa mini ƙaiƙayi daga wuya har ƙugu. Duk wanda aka haifa a gidan noma ya san aikin ƙaiƙayin gero. Na yi susa har bayana ya tashi. Matata Leah ta je kemis ta sayo farin maganin nan na ruwa, ta samo gashin kaza, ta bi bayana ɗigo-ɗigo har na koma kamar zabuwa. Ta ce in zauna a inuwa ba riga ya bushe. Na zauna gindin mangwaro a ƙofar gidana, a kan kujerata, cikin unguwarmu, ban roƙi kowa komai ba. Wani ya zo wucewa a kan babur, fuskarsa rufe da takunkumi, ya rage gudu. Har na waiwaya na ce masa sannu da hanya. Ashe hoton bayana yake ɗauka.

Aka sa hoton a guruf, a ƙarƙashinsa aka rubuta, “Ta shigo Zuru. Don Allah a tura wa kowa.”

Ba a sa suna ba, tun da baya ne. Da a nan abin ya tsaya. Amma ina da ɗa, Gabriel, soja ne can gabas, yaron kirki mai son ubansa. Ya gane tabon kokawar da ke kafaɗata. Ya rubuta, “Wannan ai Babana ne! Me ya same shi?” Shi ke nan, hoto ya sami suna, ya sami unguwa, ya sami lambar gida.

Kun san mu mutanen ƙasar Zuru. Babu barikin soja a ƙasar nan da ba za ka ji ana gaisuwa da yarenmu a ciki ba. Wancan ya tura wa ɗan'uwansa a Legas, na Legas ya tura Fatakwal, na Fatakwal ya tura Jos, matan sojoji na bariki suka ɗauka, kuma in matan bariki sun ɗauki magana, kwamanda ma sai dai ya ƙame. Ni da ban taɓa wuce Kontagora ba, bayana ya zaga Nijeriya kafin magani ya bushe a kansa.

Magana ta biyu, abin da kuka faɗa. Kada wani ya ce tsoho bai iya karatu ba, ba zai sani ba. Maƙwabcina Malam Yari tela yana da babbar waya, kuma duk abin da kuka rubuta ya karanta mini, duk saƙon muryar da kuka yi ya kunna mini. Daga bayan danga ya yi, ban da shigowa. Na ce, “Kai Yari, tsohon banza, shekara nawa muna cin tuwo a kwano ɗaya?” Ya ce, “Ishaya, ina ƙaunarka, amma daga nan ma ƙaunar tana isowa.”

Wani ya ce naman biri na ci. Wani ya ce a'a, biri ne ya cije ni. Jama'a, ni da biri gaba muke tun ina yaron tsaron gona, kuma ban taɓa kusantarsa fiye da inda majajjawa ke kaiwa ba. Wani ya ce babu wata cuta, gwamnati ce ta ɗauke ni aikin wasan kwaikwayo. Wani ya ce dogon ƙarfen wayar da aka kafa a bayan kasuwa ne ke fesa ta. Wata daga Kaduna ta ce tun bara ta gani a mafarki, ta faɗa, ba a ji ba. Aka turo wani mutum da farar riga yana magana da ƙarfi, wai babban likita ne daga wata ƙasa. Yari ya kalli rigar da idon tela, ya ce irin wadda yake ɗinka wa masu gidan burodi ce. Daga nan aka koma jam'iyya, wane ya zagi wane. Daga jam'iyya aka koma ƙwallo. Aka bar ni kwance a tsakiya, babu wanda ya ce bari in taka in ga tsohon nan.

Sai magunguna. A yi wanka da ruwan gishiri, wai ba mu ji jiki a zamanin Ebola ba. A haɗiyi tafarnuwa. A tauna namijin goro. A dafa dogonyaro a sha, a yi surace, a kwanta a kan ganyen. A shafa manja. A shafa kananzir. Wani ya ce a haɗa su duka. Da na sha rabin abin da kuka rubuta mini, da labarin da ya biyo baya ya zama gaskiya.

Domin labari ya biyo baya, kuma shi ne magana ta uku. Gabriel ya yi ta kiran wayata ba a ɗauka. Ni ba na zuwa gona da waya, dawa ba ta kira na. Ya rubuta a guruf, “Ba ya ɗauka.” Wani mai saurin fahimta a Fatakwal ya sa hoton kyandir. Na biyu ya sa fuska mai hawaye. Na uku ya nemo hotona na bikin Gabriel, da babbar riga da hula, ya rubuta ranar mutuwata a ƙasa. Na yarda hoton ya yi kyau, ya ma fi ni kyau. Mutanen da ba sa amsa gaisuwata suka ce ni uba ne ga kowa. Akwai wanda muke rigimar iyakar gona da shi tun zamanin mulkin soja, yana nan zaune a layi na uku yana kallon silin, shi ya rubuta cewa ni mutum ne mai gaskiya wanda bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Na sa Yari ya adana mini wannan. Za mu yi amfani da shi.

Washegari da hantsi ina bayan rumbu ina gyara jinka, sai na ji motsin mutane. Na zagayo. Ga jama'a a tsallaken hanya, sun yi layi, kowa da takunkumi, matan zumuntar coci da kayansu iri ɗaya har sun ɗauko waƙa. Wallahi zuciyata ta yi sanyi. Na ce a raina, yau dai kukana ya kai, an yi rasuwa kuma an tako an zo gaya mini kamar yadda iyayenmu suke yi. Na cire hula, na rage murya, na ce, “Sannunku da zuwa. Wa muka rasa?”

Waƙa ta tsaya a tsakiya. Wata ta yar da kwanon shinkafa. Wani tsohon saje, wanda aka ce bai taɓa juya baya a fagen fama ba, na ga tafin takalminsa. Malam Solomon, shugabanmu na yau, kuma shi ne adimin na guruf, shi ya yi ƙarfin hali. Ya ce, “Baba... kai ne.”

Na ce, “Ni? To, Allah ya ji ƙaina. Yaushe abin ya faru?”

Ya ce, “Jiya, Baba.”

Na ce, “An sa ranar jana'iza, ko ita ma sai na ji a bakin mai taba?”

Leah ta fito daga madafa da muciya a hannu, ta kalle su, ta kalle ni, ta ce, “In ya mutu, wa ya cinye tuwon safe?” Suka tafi. Shinkafar dai ba mu mayar ba.

Kuna dariya, ni ma na yi. Amma ku saurara, domin kada wani ya fita daga nan ya ce Ishaya ya ce babu cuta. Akwai cuta. Duk abin da Malama Rebecca ta faɗa ɗazu, na wanke hannu, da kai mai ƙuraje asibiti, da barin naman dajin da aka tsinta a mace, ku riƙe shi. Yawancinku ba ku ga agana ba. Ni na gan ta ina yaro. Na ga bukkar da aka yi wa masu ita can bayan gari. Yayata tana ciki, ana tura mata abinci da doguwar sanda, uwarmu tana tsaye nesa tana kiran sunanta don ta san ba a manta da ita ba. Ba ta fito ba. Don haka ni ba a koya mini tsoron cuta, kuma ban ga laifin wanda ya tsaya a tsallaken hanya ba.

Abin da nake so ku sani, iyayenmu sun guji jikin majinyaci, amma ba su taɓa gudun gonarsa ba. Dokar ƙasar nan ce, ba a coci aka koyo ta ba, ba a masallaci ba, mun tarar da ita. In mutum ya kwanta ciwo lokacin girbi, unguwa ce ke yanke masa dawa. In ya mutu, gonarsa ake fara shiga kafin kowa ya taɓa tasa, a ɗaure dammuna, a kai rumbun matarsa, don kada ta haɗa kukan miji da kukan yunwa. Haka aka yi wa gidanmu shekarar agana. Haka ni ma na yi wa gidaje da yawa da ke cikin ɗakin nan, kuma sun san kansu.

Magana ta huɗu, ko ta biyar ce, ku masu boko ku ƙirga. Malama Rebecca, Allah ya yi mata albarka, ita kaɗai ta shigo gidana. Ta sa safar hannu, ta duba bayana, ta duba bakina, ta gwada zafin jikina, ta yi mini tambayoyi har na fara zargin ko aikin 'yan sanda ta koma. Ta ce, “Baba, ƙaiƙayi ne. Ka daina susa.” Ta rubuta a guruf cewa ƙalau nake. Na tambayi Yari, mutum nawa suka tura? Ya ce babu. Ya ce an dai ɗaga mata babban yatsa guda biyu, kuma ɗaya nata ne. Wani ya rubuta, “An saye ta.” Aka ɗauke ni sabon hoto da riga, aka ce tsohon hoto ne. Aka ɗauke ni bidiyo ina magana, ina faɗin sunana da na ubana, aka ce yanzu na'ura tana iya haɗa irin wannan. Ashe na'ura har giɓin haƙorina ta sani.

Na bi sawun hoton farko gida-gida, ina tsayawa a waje tun da ba a ce in shigo. Wa ya ɗauka? “Turo mini aka yi.” Wa ya turo maka? “Wani guruf ne.” Wa ke cikinsa? “Ba mu san juna ba.” Garin da in akuya ta ɓata kafin azahar an san gidan da ta shiga, a cikinsa aka kashe mutum da ransa, kuma babu wanda ya yi.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Dawata tana tsaye a gindin dutse, ta nuna, kawunanta sun sunkuya. Ita ce abincinmu ni da Leah har wata kakar. 'Ya'yana maza duk suna bariki, kamar na yawancinku. Ƙarfina kun gan shi. Na kira gayya kamar kowace shekara. Leah ta dama kunu a manyan tukwane, ta tuƙa tuwo, na yanka akuya. Muka zauna muna kallon hanya har rana ta take. Mutum ɗaya ya zo, Yari. Tela! Da almakashi aka san shi. Ya tsaya can ƙarshen gona, ya yanki kai uku, ya yanki yatsansa, ya zauna ya ci rabon mutum goma. Na gode masa, domin ya fi ku.

Kowa ya kwashe tasa gonar, tawa ce kaɗai a tsaye, don haka duk tsuntsun ƙasar nan ya san hanyarta. Birai suna saukowa daga dutse iyali-iyali. Su kaɗai ne ba su shiga guruf ba, su kaɗai ne ba sa tsorona. Kuma kun san da an gama girbi ake sakin shanu a gonaki, makiyayi ba zai tsaya tambayar wa ya mutu wa ya tashi ba. In aka ƙara kasuwa ɗaya ko biyu, ba sai kun wahala ba, kara kawai za ku tarar.

Don haka na zo a gaban hukuma, a gaban malaman addini, a gaban ma'aikatan lafiya, a warware mini matsayina, domin ni kaina na ruɗe.

In na mutu, kamar yadda Fatakwal ta tabbatar, to ga Leah can zaune, gwauruwa ce. Doka ta ce gonar mamaci ake fara shiga. Kun makara, amma za ta yafe. Ku fito da laujenku.

In ciwo nake, kamar yadda Legas ta ce, to doka ta ce unguwa ke yi wa majinyaci girbi. Ba sai kun taɓa ni ba. Zan hau kan dutse in zauna tare da birai, in riƙa nuna muku da sanda daga nesa. Ku fito da laujenku.

In kuwa lafiyata ƙalau, kamar yadda Malama Rebecca ta faɗa, ita da ta yi karatun abin kuma ta gani da idonta, to gayya na kira, kun ƙi zuwa, kuma kun ji kunya. Leah za ta sake dama kunu. Akuya dai babu, Yari ya gama da ita. Ku fito da laujenku.

Na juya maganar nan ta kowane gefe, ban ga ƙofar da za ku fita ba tare da lauje ba. Fuskoki masu hawayen da kuka tura, Yari ya ce sun cika waya har tana zafi. Na tambaye shi ko ana ɗaure su dami a kai rumbu, ya ce ba a yi.

Allah ya tsare garinmu daga wannan cuta da wadda ba a sa wa suna ba tukuna. Allah ya ba majinyatan gaskiya lafiya, duk inda suke. Allah ya ƙarfafi ma'aikatan lafiyarmu. Allah ya tsare 'ya'yanmu da ke bakin daga, ya dawo mana da su da ƙafafunsu. Allah ya shiryi wanda ya ɗauki hoton bayana, ya kuma haɗa shi da ƙaiƙayin gero, kaɗan dai, don ya ƙaru da ilimi. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.

A'a, ku dakata da tafi. Tafi ma irin babban yatsan nan ne. Malam Solomon, ɗana, ajiye wayar nan ka dube ni. Kai ka sanar da ni mutuwata, kai za ka ba ni amsa, a nan, da bakinka, kowa yana ji. Matacce ne ni, majinyaci ne, ko mai lafiya? Zaɓi ɗaya, duk wanda ka zaɓa na karɓa. Sannan ka faɗi ranar, ka faɗi waɗanda za su zo. Ina tsaye.